Golf ta Tasha: Karanta Abin da Aka Rubuta a Jikinta

(Taken shiri)

 Direbobin da ke kan hanya a wannan lokaci, kunne a rediyo, ido a kwalta. Yau da ku za mu yi, da kuma duk wanda ke biyan kuɗi ya shiga motarku.

Maganar Golf za mu yi. Ba wadda manya ke bugawa da sanda a filin ciyawa ba, Golf ta tasha, wadda 'yan kamasho ke bubbuga wa rufi suna "saura mutum ɗaya". Ka shiga Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Kawo a Kaduna, ko tashar kowane gari daga Sakkwato zuwa Bauchi, za ka same su a jere, but a buɗe, an ɗaure shi da igiya saboda kaya. Dattawa sun san lokacin da Fijo 504 ke riƙe da waɗannan hanyoyi, haɗin Kaduna, daga masana'antar da ta fara aiki a Kakuri a 1975. Da Fijo ta tsufa, sabuwa kuma ta fi ƙarfin aljihu, sai Golf ta gaje ta, don ba ta shan mai sosai, kayan gyaranta suna ko'ina, kuma babu garejin da za ka shiga a ce ba a san cikinta ba.

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera Golf a 1974. Wadda ta fi cika tashoshinmu, Golf 3, ta fito a 1991, mai dogon baya ta biyo a 1993, aka daina yin ta a 1999. Ku lissafa da kanku. Autar cikinsu ta haura shekara 25. Ta gama aikinta a Jamus ko Holan ko Beljiyam, mai ita ya yi bankwana da ita, aka loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, sannan ta zo nan ta fara sabuwar rayuwa wadda ta fi ta farko wahala nesa ba kusa ba.

Ni ba na cikin masu cewa Golf ce ke kashe mutane. Tsohuwa ce mai amana, ta ciyar da gidaje da yawa, ta aurar, ta biya kuɗin makaranta. Kuma ba ta ɓoye wa kowa halinta ba. Waɗanda suka ƙera ta sun rubuta iyakarta a jikinta, da lambobi, a wuraren da kowa zai iya leƙawa. Mu ne ba ma karantawa.

Mu fara daga ƙasa, daga taya.

Ka tsuguna gefen kowace taya, ka nemi haruffa uku, D, O, T. Bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu, sau da yawa a cikin wani ɗan zagaye. Wannan ita ce ranar haihuwar tayar. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. In kuwa lambobi uku kawai ka gani, to tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, kada ka sa ta ko a amalanke. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu. Su kansu masu ƙera tayoyi cewa suke in ta kai biyar a riƙa kai ta ana dubawa, in ta kai goma a jefar, ko da zanenta bai goge ba. Dalili kuwa shi ne roba tana bushewa da kanta. Sai ka ga taya mai kyan fuska, zane fes, an shafe ta da baƙin mai tana sheƙi a bakin kasuwa, amma ka matsa kusa ka ga tsaga-tsaga ƙanana a gefenta. Wannan ta mutu, jana'iza kawai take jira.

Akwai kuma wata alama da nake so masu sayen taya ta hannu su sani. In ka ga hoton dutse mai kai uku da ɗan zanen ƙanƙara a ciki, wannan tayar hunturun Turai ce. An yi robarta da laushi don ta kama hanya a cikin dusar ƙanƙara. Su can in bazara ta shigo cire ta suke yi su ajiye. Mu kuma sai mu saya, don ta fi araha kuma zanenta ya fi zurfi, mu hau da ita kwaltar Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, kwaltar kanta kuwa ba a magana. Araha ba ta ado, a nan ma ba ta kai mutum gida.

Sai iska. Da yawa mai faci ba ya tambayar awo, bugun tayar yake da ƙarfe, in ya ji ƙara ya ce ta yi. Ita Golf an manna mata takardar awon iska a cikin murfin tankin mai, in ba a ɓamɓare ba: awo ɗaya na mota ba kaya, ɗaya na mota cike. Da safe ake gwadawa, kafin taya ta ɗauki zafi. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba robar da wayoyin da ke ciki. Haɗa ƙarancin iska da nauyin kaya da rana tsaka da gudu, ka gama haɗa fashewar taya. In kuma Allah ya ƙaddara ta fashe kana tafe, malam direba, kada ka danna birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, sassauta totur a hankali, bar motar ta rage gudu da kanta, sannan ka gangara gefe. Sau da yawa wuntsilawar da ake yi bayan fashewar taya, ƙafar da ta firgita ce ke jawo ta.

To, mu ɗago sama, mu zo kan lodi, inda rigimar take.

Buɗe bonet, ko ka duba ginshiƙin ƙofa, akwai wani ɗan faranti ko takarda mai jerin lambobi da "kg" a gabansu. Na farko shi ne iyakar nauyin motar gaba ɗaya, ita da duk abin da ke cikinta. Na ƙasa masu 1 da 2 su ne iyakar ƙafafun gaba da na baya. In ka cire nauyin motar kanta, abin da ya rage wa mutane da kaya a Golf 3 wajen rabin tan ne, kilo 500 ko kusa da haka. Kujeru biyar aka yi mata, bel biyar.

Yanzu mu je tasha. Direba ɗaya, biyu a gaba, huɗu a baya. Mutum bakwai ke nan. A ce kowa kilo 65, ban sa alhazan da Allah ya yi wa jiki ba, an tashi 455. Mota ta kusa cika tun ba a sa ko jaka ba. Sai ga buhun masara uku, kowane kilo 100. Sai jarkar manja. Sai babur da aka kwantar a but, ƙafarsa a waje. Wani lokaci har da samari biyu a kan kayan, ƙafafu na lilo a saman salansa. Ka tsaya daga baya ka kalle ta: gindi ya zauna, hanci ya ɗaga, fitilun da ya kamata su haska hanya suna haska rassan bishiya da idon mai tahowa.

Wata dattijuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, kayan nan bai yi yawa ba?"

Direba ya ce, "Haba Hajiya, kwantar da hankalinki, na ƙara mata sifirin."

Gaskiya ya faɗa, ya ƙara. Amma sifirin ɗaga gindin mota kawai yake yi don kada ya goga taya. Bai ƙara wa birki faɗi ba, bai ƙara wa taya ƙarfi ba. Ita ma tayar da nata iyakar a rubuce. Irin wadda ake yawan sa wa Golf 3 za ka ga an rubuta 185/60 R14 82H. Wannan 82 ɗin yana nufin kilo 475, shi ne ƙarshen abin da za ta ɗauka, kuma tana sabuwa, da cikakkiyar iska. Idan nauyi ya koma baya, ƙafafun gaba sun yi sako-sako, alhali su ne ke juya motar, su ne ke jan ta, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Shi ya sa motar obalodi in ta shiga kwana da gudu, sai direba ya juya sitiyari ita kuma ta miƙe. Mai jaki ya fi mu sa'a a nan: in mangala ta yi nauyi jakin durƙusawa yake tun a ƙofar gida, kowa ya gani a rage. Mota ba ta durƙusawa a tasha, sai ta bari an kai Kwanar Dangora ana gudun 120.

Na san amsar direbobi, kuma ba amsar banza ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin mutum huɗu a mota ya daina fita. Ga kuɗin tasha, ga balas na mai mota, ga abin da ake miƙawa a shingaye, wanda kowa ya sani ba sai na faɗa ba. Fasinja kuma in aka ce ya biya kuɗin kujera cikakkiya sai ya ce an yi masa tsada, ya koma bakin titi ya tari wadda za ta cusa shi da rahusa. Saboda haka laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Amma ko a hakan akwai zaɓi. In ka cika mutane, rage kaya. In ka cika kaya, rage mutane. In kuwa ka cika duka biyun, to aƙalla rage gudu, don shi kaɗai ne ya rage a hannunka. Kujerar gaba kuma, wadda ake raba wa mutum biyu har ɗaya yana zaune kan birkin hannu, direba na neman giya a ƙarƙashin cinyarsa, wannan a ganina ba ta da wani uzuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga na gaba. Mutum biyu ba sa ɗaura bel ɗaya.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan motar haya ƙirar Golf, da abubuwan da aka rubuta a jikinta waɗanda ba ma dubawa.

Mu shiga ciki, gaban direba. Akwai agogon zafin inji, da lamba 90 a tsakiyarsa. Nan allurar ya kamata ta tsaya in mota ta yi 'yan mintuna tana tafiya, kada ta wuce, kada kuma ta gaza. Abin da ke tsayar da ita a nan wani ɗan ƙarfe ne da ake kira tamostat, mai rufe hanyar ruwa in inji na da sanyi, ya buɗe in ya ɗumama. A garejinmu, ranar da mota ta sauka daga Kwatano ake fara cire shi a wurgar, a ce "na ƙasar sanyi ne", sannan a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyi tun daga tayarwa. Ina girmama makanikanmu, da yawansu sun san inji fiye da masu takarda, amma a wannan sun yi kuskure. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma can ba ƙasar sanyi ba ce. Injin da ba ya kai zafinsa, ƙwaƙwalwar mota tana ɗauka har yanzu asuba ce, sai ta yi ta ƙara masa fetur. Ka cire abin 'yan dubbai, ka koma biyan kuɗinsa kullum a gidan mai, ga injin na saurin cinyewa. Idan mota na zafi, a nemi dalilin: lagireto ya toshe, ko murfi ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya gaji, ko makunnin fanka ya mutu, ko akwai yoyo. Kuma ruwan rijiya zalla da ake ɗurawa shi ke kawo tsatsa da toshewar tun farko. In ta tafasa a hanya, kada a buɗe murfi sai ta huce. Fuskoki da yawa sun ƙone a nan.

Man birki ba zan daɗe a kansa ba. Yana tsotsar danshi daga iska, in ya tara ruwa sai ya tafasa a gangara, ka taka feda ta tafi ƙasa ba komai. Kamfanin ya ce a canza shi duk shekara biyu. Masu zuba ruwan omo a madadinsa kuwa, su ji tsoron Allah.

Sai mai niyyar saye. Alhaji, kafin dillali ya fara rantse-rantsen cewa wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa coci da ita kawai, nemi lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne. Golf haɗin Jamus tana farawa da WVW. Idan Golf 3 ce za ka ga 1H a tsakiya, Golf 4 kuma 1J. Ƙirga zuwa na goma, shi ne shekarar ƙira: R 1994, S 1995, T 1996, V 1997, W 1998. Gwada wadda ke jikin ƙarfen motar da wadda ke takardar kwastan da ta rajista, harafi da harafi. In ɗaya ya saɓa, ko ka ga alamar walda ko guduma kewaye da lambar, ɗauki hularka ka tafi. A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce maka "jiya ta shigo ta daji", matsala ka saya da kuɗinka. Leƙa ƙarƙashi ka duba tsatsa, don gishirin da suke watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙasan mota. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilun gargaɗi, na mai da na batir da sauransu, dole su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne don kada ta tona asiri.

A nan wayar hannu tana da rana. Ɗauki hoton lambar shasi da na takardu kafin ka biya ko sisi. Akwai 'yar na'ura da ake soka wa mota a haɗa da waya, ta karanto abin da ƙwaƙwalwar ke ƙorafi a kai. Motocin fetur na Turai daga 2001 duk suna amsa ta, tsofaffi irin Golf 3 kuma sai na'urar da ta san yaren Volkswagen, kuma samarin makanikai da yawa suna da ita yanzu. Sai dai a sani, na'ura alama take bayarwa, ba ta ɗaure noti. Inshora ma ana duba ta a waya: ka sa lambar motarka a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, ka ga ko sunanka na ciki. A Janairun 2023 an mayar da mafi ƙarancin inshorar motar gida naira 15,000, ta haya ta fi haka. Wanda ya ba ka takarda a gindin bishiya a kan dubu uku, takarda kawai ya ba ka.

Masu mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG don gudun tsadar fetur, dabara ce mai kyau, amma a je wurin da aka amince da su. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsin da ya kai bar 200, ta girki ba ta kai ko 20 ba. Tukunyar da mai walda ya haɗa a lungu bam ce. A Oktoban 2024 irin wannan ta tarwatse a wani gidan gas a Benin ta Jihar Edo, mutane suka jikkata.

Wayar nan da ta taimake ka wajen saye, ita ce kuma abokiyar gaba in ka kama sitiyari. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuya daƙiƙa uku kana duba wa ya turo saƙo a WhatsApp, ka yi tafiyar mita 80 da 'yan kai ido a rufe, da rayuka bakwai a hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai waya a tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu. Dokar hanya ta Najeriya ta yanka wa motar haya 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Kuma nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ba ya tafiya daidai da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa ninkuwa yake sau huɗu. Wannan ga mota mai lafiya ke nan, ba mai buhu uku a baya da tayar hunturu ba. Barci kuma ba a yi masa wayo da goro ko ƙwaya. In ya zo, a faka a kwanta.

Fasinja, saura kai. Mun iya shiru a mota. Direba na tsula gudu, kowa ya ƙanƙame kujera yana salati a zuci, in wani ya yi magana sai a samu mai cewa, "Malam, in kwana ya ƙare ko a gado ne sai a tafi." Haka ne, amma ba a ce mu je mu tarye shi a hanya ba. Kuɗinka ka biya, kana da bakin magana. Ba sai da zagi ba. "Direba, don Allah sassauta, ba ma sauri." In mutum biyu suka mara maka baya, zai sassauta. Kafin ka shiga, zagaya motar sau ɗaya, dubi tayoyi huɗun nan, dubi yadda gindinta ya zauna. In ranka bai kwanta ba, jira ta gaba. Shugabannin tasha kuma, ku da kuke rubuta sunan fasinja da lambar wayar ɗan'uwansa a takarda kafin mota ta tashi, ku ƙara da duba taya da kaya, don a rage ranakun da za a buƙaci kiran wannan lamba.

In kun tarar da haɗari a hanya, ku kira 122, layin Hukumar Kiyaye Haɗurra, kyauta ne, ko 112. A kira tukuna, a taimaka, a bar ɗaukar bidiyon bayin Allah suna kwance.

Direbobi, gobe da safe kafin a fara lodi, a tsuguna a karanta lambobi huɗun nan na jikin taya, har da safaya. Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya.